AMSAR WASIƘUNKU: Ko Tsoho Zai Iya Jure Aikin Ciwon Dajin Baki?

  Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga Babban Duhu, cikin Ƙaramar Hukumar Safana ta Jihar Katsina. Mai wasiƙar manomi ne, yana kuma taɓa fataucin hatsi tsakanin kasuwannin Safana da Batsari. Ya roƙi kada a ambaci sunansa, mun kuwa karɓi roƙonsa.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Mahaifinsa ya haura shekara 70. Tun kafin ruwan shuka wani ɗan miki ya fito masa a gefen harshe, aka ɗauka haƙori ne yake gugarsa. An yi jiƙe-jiƙe, an yi kurkurar baki, an sayo kafso a kemis, amma shiru. Yau wata huɗu ke nan, bakin mikin ya yi tauri, yana ɗan zubar da jini, tuwo ya fara gagarar tsoho. Da aka kai shi Katsina aka ɗebi tsoka aka gwada, likita ya ce ciwon daji ne, ya ba da shawara a yi aiki. To, nan fa gida ya rabu biyu. Ƙannen tsohon sun ce daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi zai bazu. Wasu kuma sun ce mai waɗannan shekaru in aka sa shi barcin asibiti ba zai farka ba. Shi ne yake tambaya: shin tsoho zai iya jure wannan aiki? Gaskiya ne wuƙa tana watsa ciwon? In kuma an yi, zai iya ci da magana?

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Amsarmu a dunƙule ita ce, yawan shekaru kaɗai ba ya hana a yi wa mutum wannan aiki. Abin da likita ke dubawa shi ne ƙarfin jikin tsohon da kuma inda ciwon ya kai. Abin da ya fi hana aiki kuwa shi ne jinkiri. Yanzu bari mu warware maka zance daki-daki.

WANE IRIN CIWO NE?

Da farko sai mu raba shi da wani ciwon da ake kira da suna ɗaya. A ƙauyukanmu akwai ciwon nan mai zaizaye baki da kumatun yara ƙanana, musamman waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana, shi ma wasu daji suke ce masa. Wannan likitoci Noma suke kiransa, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, akwai ma asibiti na musamman dominsa a Sakkwato tun 1999. Wanda ya kama Baba dabam ne. Shi ne sankara, ko kansa, kuma ya fi kama manya, musamman waɗanda suka ba shekara 50 baya.

Yadda yake farawa shi ne, fatar nan mai laushi da ta shimfiɗe cikin baki, wasu 'yan ƙwayoyin halittarta sai su ƙi bin ƙa'ida, su yi ta hayayyafa ba tsayawa, suna cin naman da ke kusa da su. Ya fi son gefen harshe, da ƙarƙashinsa, da dasashi, da cikin kumatu, da leɓen ƙasa. In an bar shi sai ya bi hanyoyin ruwan jiki ya sauka cikin kaluluwar wuya, daga nan kuma ya iya kaiwa huhu. Ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani. Saboda haka kada a ware wa Baba ƙwarya ko moɗa, kada jikoki su guje shi.

Ba kuwa a ƙasarmu kaɗai yake ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna kusan mutum 390,000 ne suka kamu da dajin baki da leɓe a wannan shekara, kimanin 188,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. Amma ga abin lura. A Amurka, cikin mutum 10 da aka gano nasu tun yana wuri ɗaya a baki ko maƙogwaro, fiye da 8 suna nan da rai bayan shekara 5. Waɗanda kuwa aka gano bayan ya yi nisa cikin jiki, ba su kai 4 cikin 10 ba. Ciwo ɗaya ne, likitoci ɗaya ne, lokacin zuwa ne ya bambanta.

DAJI BA YA SON ƘARFE?

Wannan magana ta baffanninka ta daɗe tana yawo, kuma ba haka kawai mutane suka ƙaga ta ba, akwai abin da suka gani. Sun ga an kai wani asibiti an yi masa aiki, bai yi wata uku ba ya cika. Sai aka ce ai wuƙa ce ta fusata ciwon. Amma in ka bi diddigi, za ka tarar mutumin ya shekara ɗaya ko biyu yana fama a gida, sai da abin ya ci ƙarfinsa, ya riga ya bazu, sa'an nan aka ɗauke shi ranga-ranga. Ka ga ciwon ya riga wuƙa isa inda za shi. Waɗanda kuwa aka yi wa da wuri suka warke, suna nan cikin jama'a suna harkokinsu, ba wanda ke ba da labarinsu.

Akwai dai ƙarfen da lalle daji ba ya so, watau askar wanzami da ƙarfen sakiya. In aka tsaga cikin mikin, ko aka ƙona shi, ko aka zuba masa kanwa, ko toka, ko ruwan batir, ciwon bai fita ba, an dai ƙara masa gyambo da zubar jini da ruɓa. Likitan fiɗa kuwa ba ya yanka ta tsakiyar ciwon. Kewaye shi yake yi, ya haɗa da lafiyayyen nama kamar faɗin farce ta kowane gefe, ya ɗauke shi ɗungurungum. Kamar dai yadda uwargida ke yi da dankalin da ya fara ruɓewa, takan haɗa da ɗan mai kyau ta yanke, don kada ɓarnar ta saura. Ɗan naman da aka riga aka ɗiba aka gwada shi ma ba ya watsa ciwon. In ba a yi wannan gwaji ba, ba likitan da zai san da me yake faɗa.

Kada kuma a ce bari a gama kaka, a sayar da wake a huta tukuna. A shekarar 2016 an buga wani bincike a Amurka a kan mutum fiye da 50,000 masu dajin baki da wuya, aka ga waɗanda suka wuce wata 2 tsakanin gano ciwon da fara magani sun fi sauran shiga haɗarin mutuwa. Mikin da yau za a cire a ɗinke, in an ba shi wata uku sai ya kama ƙashin muƙamuƙi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

ƘARFIN JIKI AKE DUBAWA

Malam, kai ɗan kasuwa ne. In ka shiga kara sayen san huɗa, kakan buɗe bakinsa ka duba haƙora don ka san shekarunsa, amma ba ka tsayawa nan. Sai ka sa a ja shi ka ga tafiyarsa, ka dubi ƙafafu, ka taɓa awazu. Haka likita ke yi da tsoho. Akwai ɗan shekara 75 da yake hawa keke ya je gona ya dawo, akwai kuma ɗan 60 da suga da hawan jini suka riga suka kwantar. Na farkon ya fi na biyun iya ɗaukar aiki nesa ba kusa ba.

Saboda haka kafin ka koma asibiti, ka zauna ka amsa wa kanka waɗannan tambayoyi, don likita zai yi maka irinsu. Baba yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ko sai an riƙe shi? Yana sallah a tsaye? In ya yi tafiya mai ɗan nisa ko ya hau tudu, yana haki har sai ya tsaya? Shi yake yin wankansa da alwalarsa? Ya taɓa faɗuwa cikin 'yan watannin nan? Ya rame har riga ta yi masa yawa? Yana rikicewa, ko yana manta sunayen 'ya'yansa? Akwai tsohon tari, ko kumburin ƙafa, ko shanyewar ɓarin jiki? Wane magani yake sha kullum? Ku faɗi gaskiya tsakani da Allah. Kada a ɓoye wani abu don a samu a yi aikin, kada kuma a ƙara gishiri don a tsere masa. Duk abin da yake sha, na kemis da na gargajiya, a zuba a leda a kai wa likita ya gani, domin akwai magunguna irin su asfirin masu tsinka jini, waɗanda likita ne zai ce a tsayar ko a ci gaba.

A asibiti za a auna jini a ga ko ya isa, a auna suga, a duba aikin ƙoda, a ɗauki hoton ƙirji, a sa na'ura ta rubuta bugun zuciya. Za a kuma ɗauki hoton baki da wuya da babbar na'urar hoto don a ga zurfin ciwon. Sa'an nan akwai likita na musamman wanda aikinsa ke nan sa barci da tsaron numfashi da bugun zuciya tun daga farkon aiki har a gama. Shi zai duba Baba, ya auna maganin daidai da jikinsa. Barcin asibiti na yau ba irin na zamanin da ba ne, ana yi wa 'yan shekara 80 aiki su farka lafiya.

Amma fa ba za mu ruɗe ka ba. Kasada tana nan, kuma ta tsoho ta fi ta yaro. Abubuwan da aka fi jin tsoro bayan babban aiki su ne ciwon huhu, da matsalar zuciya, da jinkirin warkewar ɗinki, da rikicewar hankali ta 'yan kwanaki. Sai dai da yawansu ana iya rage su tun kafin a shiga. In jini ya yi ƙasa a ƙara, in suga ko hawan jini ya hau a saisaita shi, in tsoho ya rame a ciyar da shi. Taba kuwa, ta sha ce ko ta ɗurawa a leɓe, a bar ta daga yau, ko mako biyu ne ya rage kafin aiki akwai amfani.

Tarihi ma ya nuna haka. Akwai wani mashahurin likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostiriya, Sigmund Freud, wanda ya yi suna wajen zuƙar taba. Dajin baki ya kama shi a 1923 yana gab da cika shekara 67. An yi masa aiki fiye da sau 30, ya sha wuya ƙwarai, amma ya ƙara shekara 16 a duniya yana rubuce-rubucensa, sai a 1939 ya rasu yana da 83. Wannan fa tun kafin maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin ya shiga hannun jama'a ke nan.

YADDA AKE YIN AIKIN

Girman aiki yana bin girman ciwo. In mikin ƙarami ne, bai kai faɗin kwabo ba kuma bai yi zurfi ba, ta cikin baki ake shiga a cire a ɗinke, ba a ma taɓa fuska. Mutum yakan yi 'yan kwanaki a gado a sallame shi.

Sau da yawa likita zai ce zai buɗe wuya ya kwashe kaluluwa, ko da ba a ji kumburi da hannu ba. Kada wannan ya ba ku tsoro ko ku ce ai wuyan lafiya lau yake. Dajin harshe yana da saurin aika 'ya'yansa can su ɓuya, ido ba ya gani, wani lokaci hoto ma ba ya nunawa. Kwashe su tun da wuri ya fi jiran su kumbura. Abin da kan biyo baya shi ne tabo a wuya, da ɗan sanƙarewar kafaɗa wadda motsa ta kullum ke sassautawa.

In kuwa ciwon ya yi girma, ya ci rabin harshe ko ya kama ƙashin muƙamuƙi, to aiki ya zama babba, yana iya cin awa shida ko fiye. A nan sai an cike gurbin da aka bari. Likitoci suna da dabaru iri-iri. Akwai ta juyo tsoka da fata daga ƙirji a haura da su ta wuya zuwa baki, wadda aka fara a 1979, kuma har yau ana ji da ita don ba ta cin lokaci da yawa, ga ta da ƙwari. Akwai ta ɗauko fata daga hannu tare da jijiyoyinta na jini a haɗa da na wuya. Akwai kuma ta ɗauko siririn ƙashin ƙwauri a sassaƙa shi ya zama muƙamuƙi, wadda aka fara a 1989. Waɗannan biyun na ƙarshe suna buƙatar ƙwararru da kayan aiki na musamman da dogon barci. Ga tsoho mai rauni, likita yakan zaɓi hanyar da ta fi gajarta, ko da ba ita ce ta fi kyan gani ba.

Abu biyu za ku gani bayan babban aiki waɗanda in ba a gaya muku tun farko ba za su tayar muku da hankali. Na ɗaya, 'yar roba a maƙogwaro wadda yake numfashi ta cikinta, saboda baki yakan kumbura. Muddin tana nan ba zai iya magana sosai ba, sai ishara. Yawanci in kumburi ya saɓe sai a zare ta, ƙofar ta rufe da kanta. Na biyu, siririyar roba ta hanci zuwa ciki wadda ake ɗura masa kunu da madara, don ɗinkin baki ya huta. Ita ma ta ɗan lokaci ce. In kun ga waɗannan, ba alamar ajali ba ce, cikin tsarin aikin suke.

Naman da aka cire za a kai shi ɗakin gwaji a duba gefe-gefensa da madubin likita. Sakamakon ne zai nuna ko aiki kaɗai ya wadatar, ko sai an bi da gashi. Gashin nan ba da wuta ake yi ba. Wani haske ne mai ƙarfi da na'ura ke aikawa daidai wurin, 'yan mintoci kullum, kwana 5 a mako, har kamar mako 6, kuma an fi so a fara shi kafin a wuce mako 6 da yin aiki. Yana busar da miyau, yana sa baki ya yi zafi, abinci ya rasa ɗanɗano na wani lokaci. Kafin a fara akan cire ruɓaɓɓun haƙora. Allurar daji kuwa da akan haɗa wa masu sauran ƙarfi tare da gashi, bincike ya nuna amfaninta yana raguwa ga wanda ya haura 70, ga ta da wahalar da ƙoda, shi ya sa ba kowane tsoho ake ba ba. In likita bai rubuta wa Baba ita ba, kada ku ce rowa aka yi masa.

CI DA MAGANA

Tambayarka ta uku. In ɗan gefen harshe aka cire, magana takan ɗan canza da farko, kamar mai tsamin baki, amma harshe nama ne mai saurin koyo. Cikin 'yan makonni ko watanni za a riƙa jin sa sarai, ya yi karatunsa, ya yi sallarsa. In kuwa an cire da yawa, canjin yakan zauna, wasu haruffa su yi masa nauyi, abinci mai tauri ya gagara. Wannan gaskiya ce, kuma ya kamata Baba ya ji ta kafin ya amince. Sai dai a tuna, ciwon da aka bari shi ma yana ƙwace ci da magana, ya ƙara da raɗaɗi da wari, kuma shi ba ya mayarwa.

Rabin warkewa a hannun mai jinya take. Abincin da ake buƙata duk akwai shi a Babban Duhu: kunun gyaɗa, koko da madara, fura da nono a dama ruwa-ruwa a tace, ƙwai, alale mai laushi, romon nama ko na kaza, madarar waken suya. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a yini, yana zaune sosai, ba a kwance ba, don kada ya shaƙe abinci ya faɗa huhu. Ban da yaji, ban da mai zafi ƙwarai, ban da goro har sai likita ya yarda. Bayan kowane ci a kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. In kun ga yana tari duk lokacin da ya haɗiya, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko ɗinki yana ruwa, a koma asibiti a ranar.

Wani abin kuma, in Baba ya kwana biyu a asibiti ya fara sambatu da dare, yana fizge roba, yana cewa a kai shi gona, kada a ce iska ce ta shige shi a ɗauke shi a gudu gida. Wannan rikicewa sananniya ce ga tsofaffi bayan aiki, kuma takan wuce. A gaya wa nas nan da nan, don wani lokaci zazzaɓi ne ko ƙarancin ruwa ke kawo ta. A bar wanda ya saba da shi kusa da shi, a riƙa gaya masa inda yake da lokacin sallah, a tashe shi ya zauna, ya taka da zarar an ba da izini. Doguwar kwanciya ita ce babbar abokiyar gabar tsoho.

Bayan sallama kuma ba a gama ba. In ciwon zai dawo, ya fi dawowa cikin shekara 2 na farko, shi ya sa ake ba da ranakun komawa a kai a kai. Ko Baba yana jin garau, a je.

IN AIKI BA ZAI YIWU BA

Yana yiwuwa bayan an gama aune-aune likita ya ce zuciya ko huhu ba za su ɗauka ba, ko ciwon ya wuce inda wuƙa za ta kai. Yana kuma yiwuwa Baba da kansa, bayan ya ji komai, ya ce shi dai a bar shi. Wannan haƙƙinsa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun san al'adarmu ta ɓoye wa tsoho sunan ciwonsa don tausayi, amma bakinsa ne za a yanka, shi zai sa hannu ko ya dangwala yatsa a takarda. A samu wanda yake jin nauyinsa, a gaya masa cikin lumana, a bar shi ya yi wa likita tambaya da bakinsa. Baffanninka ma a tafi da ɗaya daga cikinsu ya ji da kunnensa, ya fi a kawo masa labari.

Ko an fasa aiki, ba a fasa magani ba. Akwai gashi na gajeren lokaci mai rage girman ciwo da zubar jini. Akwai magungunan kashe raɗaɗi hawa-hawa, har da mai ƙarfin nan na ruwa, mofin, wanda likita ke rubutawa. Akwai maganin da ke kashe warin miki. Bai kamata a bar dattijo yana kwana yana nishi ba alhali akwai abin da zai sa ya runtsa. Addu'a kuwa da saukar Alƙur'ani a ci gaba da yi, ba su hana asibiti, asibiti ma bai hana su. Malamanmu sun sha faɗa cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

SHIRIN TAFIYA

Asibitocin da ke kusa da ku, na Batsari da na Dutsin-Ma, suna iya duba mutum su ba shi takardar turawa, amma irin wannan aiki na manyan asibitocin koyarwa ne. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a watan Yuli na 2025. Akwai Asibitin Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sashen da za ku nema shi ne na likitocin fiɗar baki da muƙamuƙi, ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Likitan da ya fara ganin Baba shi zai ce ko a nan Katsina za a yi, ko ya tura ku gaba.

Ku riƙe kati da takardar sakamakon gwajin tsoka da hotuna duka a jaka ɗaya, ku yi musu kwafi. Ku tanadi matasa biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su ba da jini. Ku roƙi a rubuta muku ƙiyasin kuɗin aiki da na gado da na magani, ku tambayi na gashi ma tun yanzu, don kada a sayar da sa a yi aiki, a zo wajen gashi hannu ya ƙare. Manyan asibitoci suna da ofishin taimakon marasa ƙarfi, ku tambaya a nuna muku, ba abin kunya ba ne. Dangi da abokan kasuwa da masu fitar da zakka a sanar da su da wuri. Kuɗin da ake ɓatarwa wajen masu cewa za su tsotse daji da ƙaho ko su narkar da shi da garin magani, in aka tara shi, da ya yi nisa a asibiti. Tun da kuma kun san yadda sha'anin tsaro ya wahalar da hanyoyin yankinku a shekarun nan, ku yi tafiyarku da rana, ku nemi masauki wajen 'yan'uwa a birni, musamman lokacin gashi da ake zuwa kullum.

Ga tambayoyi huɗu da za ka yi wa likita, ka rubuta su kada ka manta: Ina ciwon ya kai? Me da me za a cire? Wace kasada ce ta fi kusa da Baba bisa ga abin da aka auna? In ba a yi aikin ba, me zai faru, kuma wane magani ya rage?

GA SAURAN MASU SAURARO

Kafin mu rufe, jan kunne ga kowa. Babban mai jawo wannan ciwo shi ne taba, ta kowace fuska: sigari, da tunkura ta lofe, da garin taba da ake haɗawa da kanwa a ɗura a leɓe, da furen taba da ake goga wa haƙora. Giya tana ƙara wa abin ƙarfi. A Sudan akwai irin wannan garin taba da kanwa da suke kira tumbak, likitocin can sun daɗe suna ganin daji daidai wurin da ake ajiye shi a baki. Goronmu ba ya cikin jerin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar suna kawo daji, amma jansa yana rufe tabon da ya kamata a gani, saboda haka mai cin goro ya riƙa wanke baki yana dubawa.

Duk mikin baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, ko farin tabo ko ja wanda ba ya gogewa, ko ƙullutu a harshe ko a wuya, ko haƙorin da ya yi girgiɗi ba dalili, ko ramin haƙorin da aka cire ya ƙi rufewa, ko leɓe ya mutu ba ka jin taɓi, to a nufi asibiti, ko da babu zafi. Da yawa farkonsa ba ya zafi, shi ya sa yake yaudarar mutane. Tsofaffinmu kuwa ba su cika kuka da ciwo ba. In ka ga mahaifinka ya fara tauna da gefe ɗaya, ko ya bar tuwo ya koma kunu, ka ɗauko tocila ka roƙe shi ya buɗe baki ka duba.

To, Malam na Babban Duhu, da fatan mun amsa maka. Ka gaishe mana da Baba, Allah Ya tashi kafaɗunsa, Ya ba ku ladan jinya. Sauran masu sauraro, ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai wani mako in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.